Maharan da Suka San Alƙibla

Ku matso kusa, 'yan uwa, don maganar da zan yi ba ta bakin rijiya ba ce. Ni ce Azumi, 'yar Malam Haladu masaƙi, ta nan Birnin Kudu, gidanmu yana jikin ganuwa. In kun ji ana cewa wata yarinya ta haukace a kan ɗan Gwaram, ba sai kun sha wahalar nema ba, ga ni. Sunansa Ƙasimu, kuma ina son sa. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta zo daga baya ta ce na ɓoye mata.

A kasuwa muka haɗu, wajen 'yan auduga. Ni ke yi wa Baba kaɗin zare, don haka ni ake aika sayen auduga. Shi kuma ya koro jakunansa daga Gwaram da kayan gonarsu. Na miƙa kwando, ya cika, ya danna, ya ƙara, har tana zuba a ƙafata. Na ce, "Malam, kuɗin hannuna fa bai kai wannan ba." Ya ce, "Ai ban ce ki ƙara ba." Bai ko ɗago ya dube ni ba. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da rigar saƙi wadda ta sha wanki, da hula haɓar kada da yake dannawa har bisa kunne. Ba ya yawan magana, dariya kuwa sai ka yi da gaske. Ni da bakina ba ya hutawa, sai ga shi mai shiru ne ya kama ni.

Daga nan saƙo ya fara zuwa. Gwaggo Tani, ƙanwar Baba, dillaliya ce, ba kasuwar Gwaram da take wuce ta. Ita ta zama mai kai wa da kawowa. Za ta shigo ta sauke tulin kayanta a tsakar gida, ta ja ni bayan ɗaki, ta kwance bakin zane ta fito da farin goro a cikin ganye, ko ɗan turare, ko lalle mai kyau.

"Ya ce in gaya miki tunda ya gan ki barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, taurari ma sun daina haske."

"Gwaggo, don Allah me ya ce?"

Sai ta yi tsaki. "Ya ce yana gaishe ki."

"Shi ke nan?"

"Ya ce kuma a gaya miki zaren da kika aika ya yi laushi. Ke kam ba a yi miki gwaninta."

Wallahi wannan ta zaren ta fi mini taurarin Gwaggo daɗi. Na kwana ina juya ta.

Da manyansa suka aiko da maganar neman aure, Baba ya ce to, sai an yi bincike, kamar yadda ake yi. Kun san abin da ake tambaya: asalin gida, ko akwai kuturta, ko hauka, ko hannu mai ɗauke-ɗauke. Duk ba a sami ko ɗaya ba. Gidan marigayi Malam Dabo gida ne na rufin asiri, ga gona, ga shanu, ga rumbuna. Abu ɗaya aka samo, kuma shi ne ya hana ni sakat yau wata na uku: wata yarinya, Kubra, ƙanwar Ƙasimu, wadda ta mutu tun yana yaro ƙarami.

Bari in ba ku labarin yadda kowa ya yarda da shi, kafin in ba ku inda ake rabuwa. Da bazara ne, rumbuna sun yi ƙasa, manya duk suna sharar gona. Wata safiya Malam Dabo ya fito ƙofar gida yana kururuwa, wai mahara sun shigo sun ɗauke masa 'ya. Mutane suka taru. Aka ga dangar bayan gida a karye, aka ga kibiya a kafe a jikin azarar zaure, aka ga sawun doki ya nufi kudu, wajen duwatsun Ningi. A shekarun nan kuwa ba mai musun irin wannan magana, don kusan kowane gida yana da wanda aka taɓa ɗauke masa. Aka ce ma wani mai rufe da fuska ya tare wata mata a rijiya ya ce a shirya fansa. Samari suka hau dawaki suka bi sawu har ya ɓace a kan faffaɗan dutse, suka dawo hannu biyu. Rana ta uku aka sami Kubra a cikin gidan ubanta, a cikin rufewa, wato rumbun ƙasa mai baki a sama. Ta rasu, da rauni a ƙeyarta. Aka yi mata sutura. Alƙali ya kira mutane ya yi tambayoyi, ba wanda ya ga komai, ya ce Allah ya sani. Iyakar abin da aka yarda da shi ke nan. Daga nan kuwa kowa da nasa.

Ran da Baba ya tara 'yan bincike su faɗi abin da suka jiyo, ina ɗakin Inna ina kaɗi. Mazarina yana juyawa, kunnena yana tsakar gida.

Gwaggo Tani ta fara. "Mahara ne, Yaya. Duk Gwaram an sani. Sun ɗauke ta, suka ji an biyo su, suka ga ba za su tsira da ita ba, suka dawo da ita suka jefa."

Gwaggo fa tun ran da aka fara maganar nan ta gama lissafin zannuwan da dangin ango za su saya a hannunta. Ko da ka kawo mata wanda ya yi kisan yana rantsuwa, cewa za ta yi bamahari ne.

Kawu Ɗanbala, yayan Inna, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Shi ma ya je Gwaram, ya kwana har Maruta wajen wani abokinsa, duk don Allah, in ji shi.

"Tani, ki bar mu mu ji. Mahara suka shigo gida mai shanu da awaki, ba su kwance ko ɗan akuya ba. Suka bar kibiya ɗaya a zaure, wai don kada a manta sun zo. Kibiyar ma tsofaffin da suka riƙe ta sun ce babu dafi a bakinta. Sawun doki ɗaya ne, Malam Dabo kuma dokinsa ɗaya. Matar da aka tare a rijiya, har yau ba a ga wadda ta ce ita ce ba, kowa cewa yake maƙwabciyarsa ce ta ji."

"To, sai me?"

"Sai babbar. Kin tambayi yadda aka same ta a rufewar? Wanda ya sauka ya ɗauko ta yana nan da ransa, na ci goro da shi. A kwance take a kan hannun dama, fuskarta tana duban gabas, an rufe mata ido, an lulluɓe ta da zane mai tsabta, an mayar da murfi. Maharan nan sun fi limamin unguwarmu ladabi. Ana bin su da dawaki, amma suka tsaya neman alƙibla."

Ni kaina sai da zaren ya tsinke mini.

Baba ya ce, "To kai wa kake zargi?"

"Yaron mana. Yara suna wasa, ya buge ta da wani abu, uban ya ga zai rasa biyu, ya karya dangarsa da hannunsa ya ɗora wa mutanen dutse. Shaidata kuwa uwar. Hajjo tun daga ranar ba ta sake yi wa yaron nan magana ba. Ko sunansa ba ta kira. In ya shigo tsakar gida juya baya take."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kai Ɗanbala, ka ji tsoron Allah! Ɗan farinta ne fa, kuma Hajjo jinin Fulani ce. Da can ka taɓa jin ta kira sunansa? Tun yana cikin zanen goyo kakarsa ta ɗauke shi. Kunyar ɗan fari kuma yau ta zama shaida?"

"Kunya daban, wannan daban."

"Ka bambanta mana su, malam."

Sai ya koma cewa shi dai ba zai so jininsa ya shiga gidan da ake rufe magana ba, alhali ga yara nan a cikin dangi, an san ciki da wajensu. Yaran cikin dangi kuwa mutum ɗaya ne, ɗansa Abdulsalami, wanda in ya zo gaishe da Inna sai ya cinye mana ɗumame sannan ya tambayi ko ina nan. Ba na ƙin sa, Allah ya sani. Amma ko kaza ba zan ba shi kiwo ba.

Ina tsammanin an gama, sai ga Inna, wadda ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba, ta yi gyaran murya daga bakin murhu.

"Ni dai abin da matan can suke faɗa daban ne. Cewa suke uwar ce. Tana daka, yarinyar ta lallaɓo ta bayanta, taɓarya ta same ta. Mijin ya rufa mata asiri. Sun ce tun daga ranar Hajjo ba ta sake riƙe taɓarya ba, kuma ran jana'iza ko ɗigon hawaye ba ta yi ba."

"Fulani ba sa kuka a gaban mutane," in ji Gwaggo.

"Ni dai na faɗi abin da na ji."

Inna ba ta son in yi nisa, shi ke nan damuwarta. Da Ƙasimu a bayan gidanmu yake, da tuni ta ce aljanu ne suka yi. Ni kuwa a raina na ce, wato in na shiga gidan, dakan duniya a kaina zai ƙare.

Aka juya ga Baba. Shi mutum ne da ko zare ba ya tsinkawa da gaggawa. Can ya ce zai yi tunani. Tunanin Baba kuwa yana iya kai damina.

Abin da ya ba ni haushi, 'yan uwa, shi ne ba wanda ya taɓa ganin Kubra a cikinsu, ba wanda ya san ko fara ce ko baƙa. Amma kowa ya ɗauko mutuwarta ya gwada a jikinsa, ya yanke inda ya yi masa yawa. Har maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa fita ƙofar gari ba, ta leƙo ta katanga ta ce ita tun farko ta san maita ce. Ni kuwa na riƙa yi musu dariya a zuciyata, ina ganin ni kaɗai ce mai hankali a gidan.

Makonni suka yi ta zagayowa, wata rana Gwaggo ta dawo daga kasuwa. Wannan karon ba goro, ba taurari.

"Mutumin naki ya ce zai zo da kansa jibi bayan la'asar. Ya ce yana da magana."

"Wace magana?"

"Na sani? Ni ma na matsa, ya ce ba ta aike ba ce. Ke dai ki gyara."

Na gyara kuwa. Na sa an yi mini sabon kitso an shafe shi da shuni da man shanu, na ƙunsa lalle hannu da ƙafa, na goge haƙora da furen taba har suka yi ja. Na ɗaura baƙin zanen da Baba ya saƙa mini da hannunsa, na ɗora farin mayafi, na zuba duwatsun tsakiya a wuya da munduwa biyu. Kwalli kam sai da Inna ta ce, "Ke, idon ne za ki kai kasuwa?" Na dama fura da nono a sabuwar ƙwarya na kai zaure, na shimfiɗa tabarma.

Ya zo kan lokaci. Muka gaisa, na tura masa furar, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Daga waje ana jin ƙarar masaƙar Baba a gindin ɗorawa, mutane suna wucewa. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Na ji an je garinmu an yi tambaya."

"An je."

"Me aka gaya muku?"

"Wanne kake so? Akwai na Gwaggo, akwai na Kawu, akwai na Inna. Na maƙwabciya ma yana nan in kana buƙata."

Na yi zaton zai yi murmushi. Bai yi ba.

"Ke wanne kika ɗauka?"

"Ni ban ɗauki ko ɗaya ba. Kai nake jira ka ce mini ƙarya suke yi, in tashi in ci gaba da kaɗina."

Ya dubi ƙasa. "Azumi, ki yi mini alkawari abin da zan faɗa ba zai fita daga bakinki ba."

Na yi. Da saurina ma, har da rantsuwa, don ina ganin wata 'yar magana ce ta masoya. Ku dai ku ji.

"Ran nan kowa yana gona," ya ce. "Ni na zo daga gidan kakata, muna wasan ɓuya da yaran maƙwabta. Kubra ta ce in ɓoye ta inda ba mai ganinta. Rufewar bayan gida ba komai a ciki, tsani yana jingine. Ta hau, na taimaka mata ta zura ƙafa, ta sauka. Na ji ta tana dariya daga ciki. Ta ce in rufe. Na ja murfin na rufe."

Ƙwaryar furar nake kallo. Wani ƙuda ya sauka a bakinta, na kasa ɗaga hannu in kore shi.

"Sai kakata ta aiko wai awaki sun shiga gonar mutane. Na ruga. Aka yi mini duka, na yi kuka, na yi barci a can. Ban tuna da ita ba sai da safe, da na ji kururuwar Baba."

"Innalillahi."

"Tsaya, ban gama ba. Mutane suna taruwa a ƙofar gida, ni na zagaya baya. Na hau tsanin, na ture murfin, na leƙa. Rana ta fito, ina ganin ƙasan rufewar sarai. Ba kowa a ciki, Azumi. Wallahi ba kowa."

"To ai shi ke nan! Wani ya fito da ita."

"Wani ya fito da ita. Da rai ko ba rai, shi ne ban sani ba. Na je wajen Baba na ja rigarsa na ce, jiya ni da Kubra... Ya sa tafin hannu ya rufe mini baki, ya ce, mahara ne. Sau ɗaya ya faɗa. Har ya koma ga Allah bai sake bari mun zauna mu biyu a wuri ɗaya ba."

"Raunin ƙeyar fa?"

"Ko ta yi ta tsalle tana son kai wa bakin ta faɗi. Ko wani ne ya yi mata bayan ta fito. Ko abin da matan garinmu suke faɗa ne. Ko kuma maharan ne da gaske, ni ina nan ina cin kaina a banza. Duk wanda kuka ji, ni ma na ji, na kuma gwada shi ya fi sau dubu."

Na ce, "In iyayenka ne suka shirya, me ya sa za su mayar da ita inda za a gan ta? Ai da sun kai ta daji, magana ta mutu."

Ya ce, "Ni ma na yi wannan tunanin. Wanda aka ce an sace ba a yi masa salla. Ina jin akwai wanda ya kasa jurewa a ce Kubra ta tafi ba wanka, ba likkafani, ba liman."

Bai ce wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoronsa kuma ya kama ni a lokaci guda, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dubi hannuwansa, waɗanda suka cika mini kwando, na ce a raina su ne suka ja murfin.

"Ka tambayi mahaifiyarka mana. Ita kaɗai ta rage."

Ya yi wani murmushi mara daɗi. "Ta yaya? Tunda aka haife ni ba ta taɓa yi mini magana baki da baki ba. In tana son in yi abu, sai ta gaya wa bango, ko ta ce a gaya wa wancan. In na shigo ta juya. Mutane suna cewa kunya ce, wasu suna cewa sani ne. Ni da nake ɗanta ban san wanne ba ne. Na sha tsayawa a ƙofar ɗakinta da maganar a bakina, sai in ji ta fara yi wa kaji magana."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko ido cikin ido.

"Amma ke za ki zauna da ita a tsakar gida. Yau da gobe mata sukan yi hira."

Raina ya ɓaci nan take. "Au! Ashe ba mata kake nema ba, 'yar aike kake nema? Gwaggo ba ta ishe ka ba?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka duba duk 'yan matan kasuwa ka ga wadda bakinta ba ya rufuwa, ka ce ga wadda za ta yi mini aiki?"

"Da aiki nake so, da sai an ɗaura zan gaya miki. Na gaya miki yanzu ne don ki sami damar cewa a'a. Ba na son ki shigo gidanmu a kan labarin Gwaggonki."

Ya tashi, ya sa hularsa, ya ce zai kwana a masaukin fatake, gobe da hantsi zai kama hanya. In an aiko masa da a'a, ba zai ga laifin kowa ba. Ya fita. Na zauna ina kallon furar da na ɓata nono na dama.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ku yarda ko kada ku yarda, shi ne Kawu Ɗanbala. Mutumin da na fi yi wa dariya, mai binciken son zuciya, shi ne ya fi kowa kusa da abin da kunnena ya ji. Na so a ce wani ne daban. Da Inna ta tambaye ni me ya ce, na ce yana gaishe ta.

Yau da safe, ina tsaka da shara, Gwaggo ta faɗo gidan tana haki, mayafi a hannu.

"Yaya ya gama tunani! Ya ce tunda alƙali bai kama kowa ba, shi ba zai kama ba. Ya ce zai tambaye ki a gaban kowa, in kina so ya ba da ke." Ta kama kafaɗata ta girgiza. "Ki saurare ni. In ya tambaya, ki sunkuyar da kai ki yi shiru. Shirun budurwa shi ne amsarta. Kada ki ce uffan, ko tari kada ki yi. Kin ji ko?"

"Na ji, Gwaggo."

"Na san bakinki, shi ya sa nake maimaitawa."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Baba. Yana zaune da zare a cinyarsa yana warwarewa. Kawu yana gefe, fuska a ɗaure, yana ɓare goro da farce. Inna tana bakin ƙofa, Gwaggo tana bayana har ina jin numfashinta. Na durƙusa, na ja mayafi na rufe fuska. Aiki mafi sauƙi a duniya aka ba ni, aikin da kowace yarinya a garin nan ta iya tun ba ta san ɗaurin zane ba. Amma ina jin kamar duk sun ga abin da ke cikin zuciyata, ina jin idon Kawu a ƙeyata, ina jin dariyar yarinya daga cikin rufewa.

Baba ya ce, "Azumi, yaron nan na Gwaram, Ƙasimu. Kina son sa?"

"Mahara ne, Baba!"

Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. Da ƙarfi kuma, har kajin Inna suka watse. Gwaggo ta mintsine ni a baya, amma ina, ta riga ta fita. Ni da na yi wata uku ina raina masu zaɓen labarin da ya yi musu daidai, ga ni na zaɓi nawa, na kuma fi su ɗaga murya.

Kawu ya daina ɓare goronsa. A hankali ya ajiye shi a kan tabarma, ya gyara zama.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya naɗe zaren a yatsansa, ya ajiye, ya dube ni.

"Ban tambaye ki wanda ya kashe yarinyar ba, Azumi."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Jiya kin daɗe a zaure. Da kika shigo, uwarki ta ce ko tuwo ba ki ci ba. Me yaron nan ya gaya miki?"

Rana ta riga ta ɗaga. Na san a masaukin fatake yana ɗaure wa jakunansa kaya, yana duban hanya ko Gwaggo za ta ɓullo. Na yi masa rantsuwa, Baba kuma ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba. Sai yanzu bakina ya ga damar rufuwa, yanzu da kowa a tsakar gidan ya san abin da shiruna yake nufi.

Baba ya ce, "Ina jin ki."